Mutum-mutumi a masana'antar Sakkwato: ina ya dace, ina kuma asarar kuɗi ce?

Ɗan_Mabera: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga tambaya ga injiniyoyinmu. A ɗauka akwai kamfanin shinkafa matsakaici a nan Sakkwato, yana fitar da tan 10 a awa, yana zubawa a buhu mai kilo 50, da 25, da 10, wani lokaci da 5 in kasuwa ta nema. Ni a ganina tunda girman buhun yana sauyawa kullum, gara a sa hannun mutum-mutumi a ƙarshen layi ya riƙa jera buhuna, domin shi ake iya sake wa umarni ta kwamfuta. Injin da aka ƙera don abu ɗaya ba ya juyuwa. Wa ke da ja?

Injiniya_Arkilla: Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga hannu, a yi lissafin lokaci. Tan 10 a awa buhu 200 ke nan na kilo 50, wato buhu ɗaya duk daƙiƙa 18. Na kilo 25 buhu 400, duk daƙiƙa 9. Na kilo 10 buhu 1,000, daƙiƙa 3.6. Na kilo 5 kuwa ƙasa da daƙiƙa 2. Hannun jera kaya mai gaɓa huɗu zai yi na 50 da na 25 yana hutawa. Na 10 sai ya ɗauki biyu ko uku a tashi ɗaya, na 5 kuma dole a fara haɗa su a babbar leda ko kwali. Ka ga tun nan an bar maganar umarni kawai, an shiga maganar ƙarin injuna a gabansa.

Sannan nauyin da aka rubuta a takardar hannu ya haɗa da madamƙin da ke bakinsa. Madamƙin buhu mai yatsun ƙarfe yakan yi kusan nauyin buhun kansa. Shi ya sa ake ganin irin su ABB IRB 460 mai ɗaukar kilo 110 a wannan aiki, alhali buhun kilo 50 ne.

Hajiyar_Sikeli: Malam Ɗan_Mabera, ka tsallake inda kuɗi ke zuba. Kuɗin na zuba ne a awo. Injin awo yana buɗe ƙofa biyu: babba ta zuba kusan duka da sauri, ƙarama ta cike ragowar a hankali. Idan an rufe ƙaramar, akwai shinkafar da ke cikin iska ba ta sauka ba tukuna, kuma dole PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ta san adadinta ta rufe da wuri. In ba a daidaita wannan ba, kowane buhu na fita da rara. Gram 100 kacal a buhu, a buhu 200 a awa, awa 16 a rana, kilo 320 ke nan ake kyauta kullum. Kowane girman buhu yana da nasa lambobin: nauyin da ake so, inda za a rufe babbar ƙofa, inda za a rufe ƙarama, lokacin jira sikeli ya natsu. A ajiye su a PLC, mai aiki ya zaɓa a allo da taɓawa ɗaya. Wannan shi ne sassaucin da ya fi arha.

Ɗan_Mabera: Hajiya na karɓa. Amma jerawar fa?

Baban_Kalambaina: Yaro, jerawa bisa mi? Wanga shi na abin da ba a tambaya ba. Mutum-mutumi shina jera buhu bisa falet, wato dandamalin katako, foklif, motar ɗaga kaya, ta ɗauka ta kai sito. To motocinmu ba da falet suka tafiya ba. Tirela buhu 600 aka ɗora mata na kilo 50, tan 30, ɗaya bayan ɗaya a kan 'yan dako. In an jera bisa falet, sai a sake warwarewa bakin mota. Ke nan an sayi hannu, an sayi foklif, an sayi falet ɗari nawa, an zuba kankare mai laushi don foklif ta bi, aikin dako kuma shina nan inda yake. Bel mai miƙewa da ka shiga har cikin mota ya fi amfani ga wanda kayanshi ka fita rana guda.

Injiniya_Arkilla: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ga mai ajiya a sito lissafin ya bambanta. Falet yana raba buhu da danshin ƙasa, ƙirga kaya ya zama da sauƙi, kuma ana iya hawa biyu ko uku sama.

Walda_Gawon_Nama: Ina so in gyara wani abu a tambayar farko. Mutum-mutumi ba ya gani, ba ya tunani, sai in an sa masa kyamara. Abin da ya iya shi ne komawa wuri ɗaya sau dubu ba kuskure, bambancin bai kai kaurin gashi biyu ba. Idan kayan ba su zo wuri ɗaya ba, zai damƙi iska ya tafi abinsa. A walda ma haka ne: in ƙarfen da aka yanka ya bambanta da milimita 2, ko abin da ke riƙe shi ya karkace, waya za ta bi gefen haɗin ta bar shi a buɗe, kuma haka zai yi wa guda ɗari kafin wani ya lura. Mai walda da hannu yana gyarawa da ido bai ma sani ba. Don haka a buhu ana sa bel mai danne buhu ya baje, da shinge mai miƙe shi, da sansa, wato na'urar gano abu, mai cewa ya iso, kafin hannu ya sauko.

Malama_Poly: Ƙari kan maganar madamƙi. Kada a ce za a ɗauki buhun shinkafa da kofunan tsotso. Buhun saƙar roba yana shan iska ta ramukansa, tsotso ba ya kamawa. Yatsu ake sa masa su shiga ta tsakanin rololin bel su tallafe shi ta ƙasa, wani faranti ya danne ta sama. Kofunan tsotso na kwali ne da leda mai santsi. In kamfani na yin buhu da kwali duka, ko dai a sayi madamƙi biyu da na'urar sauya su, ko a raba layi. Kuma duk lokacin da aka sauya madamƙi sai an gaya wa kwamfutar hannun sabon nauyi da inda tsakiyar nauyin yake. In an bar tsohon, ko ya riƙa tsayawa yana cewa ya yi karo alhali bai taɓa komai ba, ko giyoyinsa su ci da wuri.

Abu_Runji: Ni tambayata ƙarama ce. Waɗannan ƙananan hannayen da ake nunawa suna aiki kusa da mutum ba shinge fa?

Malama_Poly: Su ne masu aiki tare da mutum. UR10e na Universal Robots, kamfanin Denmak, kilo 12.5 yake ɗauka, tsawon hannunsa milimita 1,300. Buhun 25 ya fi ƙarfinsa. Ya dace da ɗora kwali ko ciyar da injin yankan ƙarfe. Kuma rashin shinge ba lasisi ba ne: in abin da ya riƙe mai kaifi ne ko mai nauyi, sai an auna haɗarin an rage gudu, in an rage gudu kuma lissafin daƙiƙoƙin Injiniya ya rushe.

Lantarki_Minannata: Duk kuna magana kamar wutar tana nan daram. Bari in kawo ta.

Wutarmu bolt 400 zuwa 415 ce a fes uku, wato layukan wuta uku, zagaye 50 a daƙiƙa. Abin da ke kashe kayan sarrafa inji ya wuce ɗaukewar wuta kawai: fes ɗaya ya faɗi biyu su rage, ko a dawo da wuta da fes a juye bayan gyara, ko ƙarfin ya yi tsalle lokacin da aka dawo. Abu na farko a fanel, wato akwatin kayan wuta, shi ne rile mai gadin fes, wanda ke hana kontakta, makunnin da ke ba inji wuta, shiga in fes ya ɓace, ya juye ko ƙarfi ya fita iyaka. Kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba.

Na biyu, tazarar sauyawa zuwa janareta. Akwatin da ke ba PLC bolt 24 yana iya riƙe wuta kamar mili-daƙiƙa 20 ne kawai. Janareta kuwa sai ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya tashi ya karɓi kaya. A wannan tazarar PLC ta mutu ta manta buhu na nawa take. Magani: UPS, na'urar batir mai riƙe wuta, ga ɓangaren sarrafawa kaɗai, wato PLC, allo, sansa da hanyar sadarwa, irin wanda kullum ta cikinsa wuta ke bi. Kuma lambar buhu da lambar hawa a ajiye su a ɓangaren ƙwaƙwalwa da ba ya gogewa. In ba haka ba, wuta na dawowa hannu zai ɗauka falet fanko ne, ya kai buhu hawa na farko ta cikin hawa na biyar.

Na uku, inbatocin da ke juya moto suna ɓata siffar wuta, janareta ƙarami kuma ba ya jurewa, sai AVR ɗinsa, mai daidaita ƙarfin wutarsa, ya rikice. A sa kwayil ɗin tace wuta na kashi 3 cikin 100 a gaban kowace inbata, kuma kada a sayi janareta daidai wa daida da jimillar kaya.

Injiniya_Arkilla: Ƙari kan ɗaukewar wuta: bawul ɗin madamƙi. In mai kwayil ɗaya ne da sifirin, wuta na yankewa zai koma mazauninsa, yatsu su buɗe, kilo 50 ya faɗo daga sama. A sa mai kwayil biyu wanda ke zama inda aka bar shi, da bawul mai hana iska komawa a bakin silinda.

Baban_Kalambaina: Ku ƙara da atin, wato sandar ƙarfe da aka kafawa ƙasa don zubar da ɓatacciyar wuta. Ƙasarmu in rani ya yi busassa ta ƙwarai, sanda guda da anka kafa da damina ta ba da awo mai kyau, watan Afrilu ba ta aikin komai. A auna da rani. A kafa sanduna da yawa a haɗe su, tazararsu ta kai tsawon sandar, a zuba bentonait, wata irin laka mai riƙe danshi. Gawayi da gishiri da aka saba shina saukar da awo, amma gishirin ka cinye sandar cikin 'yan shekaru.

Sanyi_Dandima: Zafi kuma. Yawancin hannayen masana'anta iyakar zafin wurin da aka rubuta musu digiri 45 ne. Inbatoci da yawa daga 40 suke fara rage ƙarfi, kusan kashi 1 cikin 100 a kowane digiri. Sakkwato a Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce 40, balle ƙarƙashin kwano, balle cikin akwatin ƙarfe a rufe. Inbata tana zubar da kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinta a matsayin zafi: mai kilowat 22 kamar wat 660 ke nan, rabin dutsen guga a kunne cikin fanel. Fanka ba ta iya sanyaya fanel ƙasa da iskar waje, in waje 44 ne ciki zai haura 50. Kafasitocin ciki kuma duk ƙarin digiri 10 rabin rayuwarsu yake tafiya. Abin da ya dace: a gina ƙaramin ɗaki mai AC a tara fanel-fanel a ciki, ko a sa AC na jikin fanel. A saita shi wajen 30 zuwa 35, kada a kai shi 18, domin da damina in an buɗe ƙofa raɓa za ta kwanta a kan allunan lantarki.

Hajiyar_Sikeli: Ga hunturu kuma da nasa. Ƙura tana kwanciya a idon sansa mai haske, sai ya riƙa ganin buhu alhali babu. Inda abin da za a gano ƙarfe ne, a sa sansa mai jin ƙarfe, ƙura ba ta dame shi ba. Inda dole sai haske, mai aikawa da mai karɓa daban-daban ya fi jurewa a kan mai dawowa da kansa, a kuma ja masa siririn tiyon iska yana hura idon. A duba lambar IP, wato ma'aunin kariya daga ƙura da ruwa: 54 yana rage ƙura ne, 65 ne ba ta shiga. Sannan bushewar iska na tara tartsatsin jiki, ledoji su manne da juna injin ya ja biyu, mai gyara kuma ya taɓa kati da hannu ya ƙone shi bai ji komai ba.

Abu_Runji: To da wannan duka ai gara a bar wa 'yan dako aikinsu. Mutane nawa ke ci daga lodin nan?

Walda_Gawon_Nama: Maganar tana da nauyi, Abu. Amma a duba inda aka fara sa shi. Unimate, mutum-mutumi na farko a masana'anta, a 1961 aka kafa shi a kamfanin General Motors a jihar New Jersey ta Amurka, aikinsa ciro ƙarfe mai zafi daga injin zubi, aikin da ke ƙona mutane. Inda ƙura ke cin huhu, ko zafi, ko hayaƙin walda, hujjarsa a fili take. Inda dalilin kawai rage albashi ne, a nan lissafin ba ya fita da sauƙi, tunda hannun da kayan gyaransa da dala ake saye, lada kuma da naira ake biya.

Malama_Poly: Kuma mu daina ɗauka sarrafa inji da kwamfuta baƙo ne a yankin nan. Injin tsince shinkafa mai kyamara, wanda ke harbo baƙar ƙwaya da tsakuwa da iska, shi ma wannan fanni ne, ana sauya masa saiti daga farar shinkafa zuwa dafaffiya a allo. Kamfanin siminti na Kalambaina, wanda ya fara aiki tun 1967, yanzu yana ƙarƙashin BUA, irin aikinsa murhu ne mai kaiwa digiri 1,450, ba a tuƙa irin wannan sai daga ɗakin sarrafawa. PLC kanta tsohuwa ce, Modicon 084 ta fito ne a ƙarshen shekarun 1960 don maye gurbin akwatunan rile da sai an kwance waya kafin a sauya aiki. Ɗaliban da ke fitowa daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Umaru Ali Shinkafi in sun iya karanta zanen tsani na PLC, wato yadda ake rubuta shirinta, da zanen waya, aikin gyara na jiransu.

Iska_Kwannawa: An ambaci iska sau uku ba a tsaya a kanta ba. Madamƙi, silinda, injin tsincewa, duk iska mai matsin "bar" 6 suke so, busasshiya. Jerin shi ne kwamfuresa, tanki, na'urar busarwa, filta, sannan kowane inji da nasa mai daidaita ƙarfi. Na'urar busarwa mai sanyi ana rubuta ƙarfinta ne a kan iskar da ke shiga da digiri 35, wurin kuma 25. A nan ba ta samun haka, saboda haka a ɗauki wadda ta fi lissafi girma. In ruwa ya wuce, yana wanke man cikin bawul, ya haɗu da ƙura ya zama laka, bawul ya riƙa maƙalewa. Alamarsa: inji na aiki lafiya da rana, da asuba yana jinkiri. Bututun reshe a ciro shi ta saman babban bututu, kada ta ƙasa, a sa magudana a ƙarshen layi. A kuma sa makunnin matsi da zai tsayar da hannu in iska ta sauka ƙasa da "bar" 5, kafin ya saki kaya.

Ɗan_Mabera: Allah ya saka. To in na fahimta, ku ce kada a saya?

Injiniya_Arkilla: Ba mu ce ba. Auna minti nawa ake ɓatawa daga buhun ƙarshe na kilo 50 zuwa buhun farko mai kyau na kilo 25. Sauya umarnin hannu daƙiƙoƙi ne. Abin da ke cin lokaci shi ne sauya bakin zubawa, ɗaga ko sauke bel ɗin keken ɗinki, matsar da shingayen gefe, sauya abin buga kwanan wata. Tsarin da Shigeo Shingo ya yi suna da shi a Japan shi ne a raba aikin sauyi gida biyu: wanda za a iya yi inji na gudu, da wanda sai an tsaya, a mayar da na biyun ƙasa da minti 10. A aikace: notuna su koma maƙalai na hannu, kowane matsayi a yi masa alama da lamba, kayan sauyi su jira a kan amalanke kusa da layi. In sauyi na cin awa ɗaya, hannu mai tsada zai tsaya awa ɗaya yana kallo.

Tokunbo_Bado: Ga masu tunanin na hannu, wato wanda aka yi amfani da shi. A duba farantin wuta: na Amurka yawanci bolt 480 ne zagaye 60, wasu na Japan bolt 200, sai da taransifoma. Moton bel da aka yi don zagaye 60 in ya hau 50 gudunsa na raguwa da kashi ɗaya cikin shida, lissafin layi ya canza. A nemi awannin aiki, a girgiza kowace gaɓa a ji ko akwai wasa, a duba wayoyin da ke bi ta cikin gaɓoɓi domin su ke fara karyewa. Kuma a tabbatar manhajar jera kaya tana ciki, sau da yawa daban ake sayar da lasisinta.

Lantarki_Minannata: Batirin enkoda! Wanda ya daɗe a kwantena yawanci ya mutu. Batiran nan ne ke riƙe wa hannu sanin inda kowace gaɓa take in an kashe wuta. A irin na kamfanin FANUC na Japan ana sauya su ne kwamfutar hannun tana kunne. Wanda ya kashe wuta don ya yi hankali, sannan ya cire batir, ya goge matsayin gaɓoɓi duka, sai an sake saita sifili. A rubuta lambobin saitin a takarda a liƙa cikin ƙofar fanel. Giris na giyoyi kuma, littattafan FANUC da dama suna cewa shekara 3 ko awa 11,520. A buɗe mafitar tsohon giris kafin a fara turawa, a tura a hankali, in ba haka ba matsi ya fasa sil.

Baban_Kalambaina: Kuma kada a biya kuɗin ƙarshe sai an karɓi kwafin shirin PLC da na hannu, da kalmar sirri, da zanen waya wanda ya dace da abin da anka haɗa a zahiri. In babu su, ranar da kunka so ƙara buhun kilo 20 sai kun jira wanda ya kulle shi ya zo daga Legas ko daga waje. Sassaucin ya koma aljihun wani.

Malama_Poly: Ba a yi maganar shinge ba, kuma hannu mai ɗaukar kilo 110 ba ya jin ya bugi mutum. Shinge kewaye, ƙofa mai makulli da ke yanke motsi, labulen haske a mafitar falet. Nisan labulen lissafi ne a ƙa'idar ISO 13855: gudun mutum sau lokacin tsayawa, a ƙara tazara. In duka tsayawar rabin daƙiƙa ce, labulen kuma mai gano abu na milimita 30, sai a yi 1,600 sau 0.5, a ƙara 128, ya ba da milimita 928. Kusa da haka mutum zai isa kafin inji ya tsaya. Mai koyar da hannu a cikin shinge yana aiki ne da gudun da bai wuce milimita 250 a daƙiƙa ba, yana riƙe makunni mai matsayi uku: in ya saki ya tsaya, in ya matse da firgita ma ya tsaya. Abin da ke kawo haɗari shi ne a ɗaure makullin ƙofa da waya saboda buhu na yawan karkacewa ana gajiya da tsayawa. A gyara abin da ke karkatar da buhun.

Abu_Runji: Malama, ƙurar hunturu ba ta rufe labulen hasken shi ma?

Malama_Poly: Tana rufewa, amma shi in ya rufe tsayar da inji yake yi. A goge shi da tsumma mai laushi farkon kowane aiki.

Ɗan_Mabera: Baba, a koma kan falet. In rabin kayan sito za su shiga, rabi mota kai tsaye fa?

Baban_Kalambaina: Sai a raba bel bayan keken ɗinki, a sa ƙofa mai karkatarwa: hanya guda ta tafi bakin mota, guda ta tafi wurin jerawa. Amma ka sake lissafin Injiniya, don yanzu buhu 100 a awa ka isa wurin hannun, ɗaya duk daƙiƙa 36. Mutum biyu da na'urar ɗaga buhu ka iya wanga.

Injiniya_Arkilla: A awa 8 haka ne, Baba. In ana kwana ana aiki, sau uku ake sauya mutanen, sai a sake buga lissafin. Ɗan_Mabera, awa nawa layin ke gudu a rana, kuma wata nawa a shekara ake samun shanshera?